Rubutu irin na Vogue a kwalbar humra: siraran layukan sun ɓace, laifin font ne ko na masu bugawa?

Dizain_Kofar_Nassarawa
Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri zan ɗan ja zance. Wata hajiya mai haɗa humra da turaren wuta ta kawo min aikin logo da sitikar kwalba, ta turo min hoton bangon mujallar Vogue ta ce ita irin wannan rubutun take so, wanda gefe ɗaya na harafin ke da kauri ɗaya gefen kuma siriri kamar silin gashi, wai shi ke nuna kaya masu tsada ne. Na ɗauko font, wato salon haruffa, mai suna Bodoni MT na tsara, ruwan zinare a kan baƙi, a fuskar kwamfuta wallahi ya yi kyau sosai ita ma ta yaba. Aka kai wurin masu buga foyil, wato ledar zinaren nan da ake mannawa da zafi, aka bugo sitika 500, da aka kawo sai ga siraran layukan duk sun yayyanke, A ta koma kamar sanda guda a jingine, H kuma sandar tsakiyarta babu ita kamar an jera I guda biyu. Kwalbar ƙarama ce, tsayin rubutun bai wuce milimita 4 ba. Hajiya ba ta ce min komai ba ta dai juya kwalbar a hannunta ta ajiye, kuma wannan shirun ya fi min faɗa ciwo.
Tambayata biyu ce. Laifin font ɗin ne ko masu bugawa ne ba su iya ba? Sannan wai dole sai da irin wannan rubutun kaya ke zama na alfarma, ko kwaikwayo kawai muke yi?

UmmuHanan_Kaduna
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri ɗan uwa, sitika 500 ba wasa ba ne a wannan lokacin.

Vector_Boy
Masu bugawa ne oga, canza wuri kawai. ni na sha buga Bodoni lafiya lau

Tsohon_Maɗabi
Yaro na sama, ka sha buga shi a wane girma? A banar biki ko a kwalba? Ka fara amsa wannan tukuna.
Malam mai tambaya, ni na yi aiki da haruffan dalma kafin kwamfuta ta shigo mana, da hannu muke jera su ɗaya bayan ɗaya. A lokacin kowane girma akwatinsa daban, 10pt nasa daban 36pt nasa daban (pt shi ne ma'aunin girman harafi), kuma idan ka ɗauko ƙaramin harafin a daga wannan akwatin ka ɗauko daga wancan ka sa gilashi ka duba, za ka ga ba zane ɗaya ba ne aka ƙara masa girma. Ƙaramin an ƙara wa siraran layukansa kauri, an buɗe cikinsa, an ba shi tazara tsakaninsa da maƙwabcinsa. Babban shi ne ake bari ya sirance son ransa domin yana da filin da zai ɗauka. Mutanen da, irin su Bodoni ɗin da kake kira, kowane girma sai an sassaƙa shi daban a kan ƙarfe da hannu, don haka mai sassaƙar ya san idon mutum da tawada da takarda yake yi wa aiki.
Kwamfuta kuwa zane ɗaya take riƙe da shi ta ja shi ya girma ta matse shi ya ƙanƙance, siririn layin ma yana ƙanƙancewa tare da shi har ya zama ba a bakin komai ba. Ka matse shi zuwa milimita 4 sannan ka ce foyil ya kama shi, foyil da zafi da dannawa yake kamawa, in layin bai da jikin da zai riƙe sai ya ɓalle. Ni ban ga laifin masu bugawa ba sai guda ɗaya, da sun gaya maka tun kafin su yi farantin ƙarfen da ake danna foyil ɗin da shi.

Vector_Boy
Gaskiya Baba a banar biki ne da katin ɗaurin aure, ban taɓa yi a ƙaramin abu haka ba. Na karɓi gyara

Dizain_Kofar_Nassarawa
Allah ya ƙara girma Baba. To yanzu mu da ba mu da akwatin dalma ya za mu yi?

Zarah.Type
Abin da Baba ya faɗa har yanzu ana yinsa ai, sai dai ka san inda za ka nema. Akwai font-font da ake zana wa girma daban-daban da gangan. ITC Bodoni da ya fito 1994 kashi uku ne, Six da Twelve da Seventy-Two, lambar tana gaya maka girman da aka yi shi dominsa, Six ɗin in ka gan shi a babba har za ka ce bai da kyau don ya yi kauri da ɗan kaushi amma a ƙaramin rubutu shi ne ke tsayawa da ƙafarsa. Didot ɗin da Jonathan Hoefler ya zana wa mujallar Harper's Bazaar a farkon shekarun 1990 ma haka ne, girma bakwai ne daga 6 har 96, dalili kuwa suna so layin ya ci gaba da zama siriri ko da harafi ɗaya ya cika shafi, kuma kada ya ɓace in an sa shi a ƙasan hoto.
Wanda ba ya son kashe kuɗi ya shiga Google Fonts ya ɗauko Bodoni Moda, kyauta ne har na kasuwanci, kuma shi ma yana da wannan tsarin daga 6 zuwa 96. Sitikar kwalba ka ɗauki na ƙasa-ƙasa, allon shago ka ɗauki na sama. Logo ɗaya ne amma kana da shi kashi biyu ko uku, haka manyan kamfanoni ke yi ba wani abin kunya ba ne.

Abba_Corel
Ko kuma hanyar gida, a CorelDraw ka danna Ctrl+Q rubutun ya koma zane sannan ka ƙara masa awutlayin, wato layin kewaye, kaɗan mai kala ɗaya da shi. Yana aiki

Zarah.Type
Yana aiki in an matsu Malam Abba, amma ka lura awutlayin ko'ina yake ƙara wa kauri, da mai kaurin da siririn, kuma yana cinye tsinin ƙafafun harafin, wato 'yan layukan da ke ƙarshen sandunansa, su zama dunƙule, cikin e da a ya toshe. In za a yi da hannu gara ka kama siraran layukan su kaɗai ka ɗaga su ɗaya-ɗaya. Haruffa shida ko bakwai ne fa a logo, aikin awa ɗaya ne.

Hajjo_Turare
Ni ba dizaina ba ce, mai sayar da turare ce, na shigo nan ne don in riƙa gane abin da ake min. Bari in faɗa muku ta ɓangarenmu. Mace in ta zo sayen humra kafin ta buɗe murfi idonta ya riga ya yanke kuɗin, in ta ga sitika mai kaloli biyar da fure da lambar waya uku da hoton kwalbar a kan kwalbar, ko oud na gaske ka zuba a ciki za ta taya shi kuɗin na bakin titi. Shi ya sa muke cewa a yi mana irin na Vogue, ba don mun san sunan rubutun ba, natsuwar muke gani. To in natsuwar za ta samu ba tare da layin ya yanke ba ni ban damu da sunansa ba.

Dan_Tarihi77
Hajiya ta taɓo ainihin wurin. Amma bari in ɗan koma baya don a san daga ina abin ya fito, saboda tambaya ta biyu ta mai post tana nan.
Wannan salon mutum biyu aka fi jingina wa. Giambattista Bodoni ɗan Italiya, an haife shi 1740 ya rasu 1813, shi ya riƙe maɗaba'ar sarkin Parma tun 1768. Sai Firmin Didot a Faris, 1764 zuwa 1836, gidansu kaf masu ɗab'i ne da harkar takarda, shi yana sassaƙa haruffa yayansa Pierre yana bugawa. Sunayen nan biyu aka haɗa a 1954 aka sa wa dangin rubutun duka suna Didone. Kafin su akwai John Baskerville a Birmingham ta Ingila wanda ya fara sirantar da layin, ya gyara tawadarsa ta ƙara baƙi, yana kuma matse takardar da aka buga tsakanin farantan tagulla masu zafi don ta yi santsi.
Abin lura shi ne siririn layin bai yiwu ba sai da takarda ta gyaru. Tsohuwar takarda tana da sawun layi-layi a jikinta daga abin da ake tace ta da shi, harafi mai laushi in ya hau kai sai ya karye, da aka samu takarda mai sumul sannan aka iya. To kun ga tun asali wanda ya ga irin wannan rubutun ya fito tsaf ya san an kashe kuɗi a takarda da tawada da gwanin bugu, daga nan ƙamshin tsadar ya samo asali. Mu yanzu mun ɗauko siffar mun bar abin da ke riƙe da ita, shi ne ya faru da ɗan uwanmu.

UmmuHanan_Kaduna
Masha Allah, wannan group akwai ilimi

Dan_Tarihi77
Kuma ƙorafin nan ma tsoho ne. Benjamin Franklin ya taɓa rubuta wa Baskerville wasiƙa yana ba shi labarin wani mutum da ya ce haruffansa za su makantar da masu karatu don layukan sun yi siranta da yawa. Franklin ya ɗauko takardar samfurin haruffan Caslon, wani tsohon mai sassaƙa haruffa na Ingila, ya yage sunan ya miƙa masa a matsayin na Baskerville, mutumin ya yi ta nuna aibobi yana cewa idonsa na ciwo, alhali irin haruffan da ya saba karantawa ne duk rayuwarsa. Wato wani ɓangare na abin da muke kira kyau ko muni a rubutu sabawa ce kawai.

Kabiru_Brandz
Ni fa ban yarda da maganar cewa wannan font shi ne alfarma ba, sam. Ku ɗauko kwalbar Chanel No. 5, turaren da ya fito tun 1921, me ke jikinta? Farar takarda, baƙin rubutu manyan baƙaƙe marasa ƙafa, kaurinsu kusan ɗaya daga sama har ƙasa. Louis Vuitton ma sunansu da rubutu mara ƙafa suke rubuta shi. A ɗaya ɓangaren Zara, da ke ɗinka kaya da yawa a farashin da matsakaicin mutum zai iya saye, logonsu na 2019 irin Didot ne siriri har haruffan na hawa kan juna. To wa ya fi wani tsada tsakanin Chanel da Zara? Font riga ce kawai, kowa zai iya saya ya saka.

Zarah.Type
Maganarka da gaskiya Malam Kabiru amma Zara ɗin ma hujja ce a kanka ta wani gefen. Me ya sa suka zaɓi wannan rigar? Don sun san abin da ido ke karantawa in ya gan ta. Kamfanin Fabien Baron ne ya yi musu logon, shi ne kuma mutumin da ya sake fasalin Harper's Bazaar a lokacin da aka zana Didot ɗin da na ambata a sama. Tun zamanin Alexey Brodovitch da ya riƙe tsarin mujallar daga 1934 zuwa 1958 ake haɗa irin wannan harafin da hoton kayan ado da farin fili mai yawa, shekara da shekaru ido na ganin su tare har suka zama abu ɗaya a ƙwaƙwalwar mutane. Hajiyar mai post ba ta taɓa jin sunan Brodovitch ba amma aikinsa ne ya iso wayarta.

Kabiru_Brandz
To ai su kansu masu alfarmar sun gudu daga gare shi. Saint Laurent 2012, Balenciaga 2017, Burberry 2018, duk sun koma rubutu mai kauri mara ƙafa, har mutane suka fara cewa logo ɗinsu ya zama kamar 'yan gida ɗaya

Web_Malam
Waya ce ta kore su Kabiru, yawanci. Logo yanzu a ɗan da'irar hoton Instagram yake rayuwa, kuma WhatsApp in ka tura hoto matse shi yake yi, abin da ke fara mutuwa shi ne siririn layi musamman fari ko zinare a kan baƙi. Ni a shafukan da nake ginawa Playfair Display nake sa wa kanun labari kawai, jikin rubutun in nemo wani mai natsuwa, don in ka jera sakin layi guda da irin Bodoni a waya ido sai ya riƙa ganin sanduna a tsaye kamar shingen kara, ka karanta layi uku ka gaji. Sunansa ma ya faɗa maka, na nuni ne, na babban rubutu.
Amma ka manta ƙarshen labarin Burberry, a 2023, bayan Daniel Lee ya karɓi jagorancin zanen kayansu, sun dawo da rubutu mai ƙafa da tsohon tambarinsu na mahayin doki. Abin zagayawa yake yi.

Kabiru_Brandz
Sun dawo da mai ƙafa amma ba mai silin gashi ba, ka je ka duba. Magana ta tana nan

Alaramma_Mai_Zayyana
Salamu alaikum. Ni da alƙalamin kara na saba, amma na ga maganarku ta shafe mu. Kauri da siranta a rubutu daga bakin alƙalami suke fitowa. In ka fere kara bakinsa ya yi faɗi ka karkata shi, ja ɗaya zai ba ka kauri wani jan ya ba ka siriri, ba tare da ka danna ba, juyin hannu ne kawai. To wannan naku na Bodoni da na ƙura masa ido na ga ba haka yake ba, sirantar O tana daidai tsakiyar sama da tsakiyar ƙasa, a miƙe cak, ba ta karkace ba. Wane irin alƙalami ke ba da haka?

Dan_Tarihi77
Allah ya gafarta Malam, idonka ya gani daidai. Alƙalami ne mai tsini da aka tsaga bakinsa biyu, in an ja shi ƙasa ana dannawa sai bakin ya buɗe tawada ta zubo da faɗi, in za a hau sama ko a gitta sai a sassauta hannu ya bar layi kamar zare. Shi marubutan Turai suka fi yayi a zamanin su Bodoni, tare da masu sassaƙa rubutu a farantin tagulla. Tsofaffin haruffa irin Garamond su ne suka bi alƙalami mai faɗin baki irin naku, shi ya sa tasu O ɗin a ɗan karkace take.

Alaramma_Mai_Zayyana
Madalla, na ƙaru. Mu namu rubutun na allo da Alƙur'anin hannu mai jiki ne, cike yake, kuma ba wanda zai kalli wanda gwani ya rubuta da zayyanarsa da gafakarsa ya ce abin arha ne. Na faɗa ne don masu ganin sai siriri ake samun daraja.

Zarah.Type
Sosai Malam. Akwai ma font na ajami da SIL, wata ƙungiyar nazarin harsuna, suka yi mai suna Alkalami, a kan salon rubutun hannu na Kano aka gina shi, kyauta ne. Na daɗe ina son in ga wani ya gwada shi a kwalin turare da gaske maimakon kullum mu ɗauko rubutun larabci irin na kwalayen Dubai.

Dizain_Kofar_Nassarawa
Na gode ƙwarai jama'a, na sauke Bodoni Moda ina gwadawa. Amma akwai wata matsalar da ban faɗa ba tun farko, sunan kayan Hajiya akwai kalmar ƙamshi a ciki, Bodoni MT ba shi da ƙ, da na rubuta sai kwamfuta ta ɗauko ta daga wani font daban ta liƙa, ta fito kamar baƙuwa a cikin dangi. Ƙarshe k zalla na sa na wuce.

sani_gfx
ba matsala bane ai kowa yasan kamshi ake nufi, nima bana sa lankwasa a rubutu na kuma ana ganewa

Mariama_Damagaram
A kalmar ƙamshi ana ganewa ɗan uwa, amma ranar da aka kawo maka aiki da kalmar baƙi ko ƙasa ko ɗaki fa? Ka rubuta baki a kwalin baƙin turare ka ga. Kuma abin da ke ba ni haushi, mu nan Nijar in aka bar é babu alamarta a sunan shago na faransanci mai shagon ba zai biya ba sai an gyara, amma in aka yanke wa ɗ ƙugiyarta sai a ce ba komai. Kaya na alfarma da aka kasa rubuta sunansa daidai a harshen mai shi, ina alfarmar? Mu ma har da ƴ muke fama, ku a Najeriya kun huta da ita tunda 'y kuke sawa.

sani_gfx
ba fada bane yar uwa, font din ne babu su ya zanyi

Web_Malam
Ga dalilin da ya sa ake rasa su. A tsarin Unicode, wanda ke bai wa kowane harafi lambarsa a kwamfuta, manyan Ɓ Ɗ Ƙ da ƙaramar ƙ suna rukuni guda, ƙananan ɓ da ɗ kuma an ajiye su can a rukunin alamomin masu nazarin furuci. Yawancin masu zana font na Turai in sun ce sun faɗaɗa haruffansu, na Foland da Turkiyya da Cek suke nufi, ba sa isowa nan. Don haka kafin ka nuna wa kwastoma kowane font, buɗe shi ka rubuta Ɓɓ Ɗɗ Ƙƙ Ƴƴ ka gani da idonka, kada ka yarda da abin da aka rubuta a tallansa. A cikin masu siririn layi Noto Serif Display yana da su, kyauta ne kuma.

Zarah.Type
In logo ne kawai kuma font ɗin da kake so ba shi da ita, zana ta. Amma don Allah kada a ɗauko waƙafi a manna a kan k, na gani a allon wani shago har raina ya ɓaci. A irin Bodoni ƙugiyar tana nan a gidan, kalli kan f ƙarama, yadda sandar ke tashi da kauri ta lanƙwasa ta sirance ta ƙare da ɗan ƙwallo. Wannan kan za ka aro ka ɗora wa sandar k, ka cire ƙafar saman, ka ɗan rage tsawon lanƙwasar don kada ta bugi harafin gaba. Haka ɗ da ɓ. In ka yi shi da kyau ma ita ce za ta zama abin da ya bambanta logon da na kowa, don duk masu kwaikwayon Vogue a duniya ba mai wannan ƙugiyar sai mu. Ka dai duba lasisin font ɗin, na Google Fonts sun yarda a taɓa su, na saye kuwa kowane da sharaɗinsa.

Tsohon_Maɗabi
'Yata Zarah kin burge ni. Mu a da in babu ƙ a akwati ba yadda za ka yi da dalma, yanzu ku abin na hannunku.
In koma kan sitikar. Malam, wannan karon kafin a yi faranti ka je da kanka ka tambaye su mafi sirancin layin da foyil ɗinsu ke riƙewa a kan irin wannan takardar, kowane inji da halinsa, su suka san nasu. A tawada ta yau da kullum mu ba ma sauka ƙasa da 0.25pt, foyil kuwa ya fi haka buƙata, haka ma fari a cikin baƙi don tawadar gefe tana matsowa ta cinye shi. Sannan ka buga a firintar ofis a ainihin girmansa, ka yanka da almakashi ka naɗa a kwalbar ka ajiye ta a kan tebur ka ja baya taku uku. Kada ka ƙara yanke hukunci da zum 400 a fuskar kwamfuta.

Telan_Zamani
Tunda ana maganar, ni ma na sha wannan a lebur ɗin wuyan riga da aikin injin surfani. Zare ba ya yin ƙasa da kaurinsa, layin da bai kai milimita guda ba sai dai a bi shi da ɗinki ɗaya, in aka wanke sau biyu ya nutse cikin shadda ba ka ganinsa. Na koma harafi biyu na farkon suna kawai manya, cikakken sunan a leda da kwali.

Hajjo_Turare
Wani abu kuma da ba wanda ya faɗa, humra mai ce. Kwalba tana yawo a jaka, a buɗe a rufe, man ya gangaro kan sitika, hannu na gogawa. Nawa na farko wata ɗaya zinaren ya fara gogewa kuma daga siraran wuraren ya fara. Ku riƙa tambayarmu yadda ake riƙe kayan kafin ku zana.

Kabiru_Brandz
Kun gani ko. Duk wahalar nan don a riƙe silin gashi, ni da kwastoma ta ce da na zaunar da ita na nuna mata kwalbar Chanel na ce Hajiya ga natsuwar da kike nema babu layin da zai yanke

Zarah.Type
Sai ta ce maka ita ba shi ta gani ta so ba. Kuma tana da haƙƙi Malam Kabiru, akwai wani taushi a wannan rubutun da mara ƙafa ba ya bayarwa, ka kalli R ko Q ta Didot a babban shafi, yadda kauri ke zubewa ya koma zare, ni har yau in na gani sai na tsaya. Wurinsa kawai za a ba shi.

Dizain_Kofar_Nassarawa
Ga inda aka kwana. Na yi kashi biyu, na kwalba da ƙaramin girman Bodoni Moda na buɗa tazarar haruffan kaɗan na cire duk wani ƙarin rubutu sai sunan kaɗai, lambar waya ta koma ƙasan kwalba, na kwali da na Instagram kuma na bar shi da sirantarsa. Ƙ ɗin na zana ta daga kan f yadda Anti Zarah ta ce, sau huɗu ina sakewa kafin ta zauna. Na yi gwajin Baba na almakashi, daga taku uku ana karantawa. Na kuma yi na uku da rubutu mara ƙafa saboda Malam Kabiru, gobe in sha Allah zan kai mata duka ta zaɓa. Kuɗin sitikar farko mun yi magana zan ɗauki rabi.

Mariama_Damagaram
Ka turo mana hoton ƙ ɗin mu gani don Allah, ina da aikin gidan ɗinki da ke jira kuma sunan da ɗ ya fara, babba ce ma Ɗ, ita ban san daga wane harafi zan aro ƙugiyar ba tunda ta hagu take fitowa

Vector_Boy
Nima ina jira. Baba wai 0.25pt ɗin nan har a takardar katin biki mai ƙyalli ko ita daban ce?